Kyanwata tana gab da mutuwa, aurena kuma yana tangal-tangal

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina yi miki fatan alheri tare da dukkan masu bibiyar wannan fili. Ni mace ce 'yar shekara 39, ina zaune a Zariya, kuma a bana aurena ya cika shekara 14 ba tare da Allah ya ba mu haihuwa ba. Na daɗe ina ɗari-ɗarin rubuto miki, domin farkon damuwata maganar kyanwa ce, kuma na san akwai masu ganin wannan bai kai a kawo shi gaban jama'a ba.

Wata uku bayan tarewata, marigayiya mahaifiyata ta aiko mini da 'yar kyanwa fara mai ɗigon baƙi a goshi, ta ce ta riƙa ɗebe mini kewa. Na sa mata suna Kyauta, kuma ita ce abu mai rai na ƙarshe da ya rage mini daga hannun Inna. Tun bayan babbar salla na lura tana shan ruwa fiye da kima, tana yawan fitsari da amai, ta rame har ina iya ƙirga ƙasusuwan bayanta da yatsa. Likitan dabbobi ya gwada jininta, ya ce ƙodarta ce ta gaza, ciwon da yake yawan kama tsofaffin kyanwoyi, kuma ba ya warkewa, sai dai a rage mata wahala da ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata da abinci na musamman. Yau kwana biyar ke nan ba ta taɓa ko kifin da take so ba. Da sirinji nake ɗiga mata ruwa a baki, kuma idan na tashi sallar asuba takan ja jiki da ƙyar ta kwanta a gefen sallayata kamar yadda ta saba. Likitan ya ce akwai allurar da za a yi mata ta yi barci ba ta farka ba, amma zuciyata ta kasa amincewa, domin ina tsoron ɗaukar alhakin rai.

Maigidana ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma bai rage ni da ci ko sutura ba. Amma kusan shekara uku ke nan maganarmu ba ta wuce gaisuwa da kuɗin cefane. Ya gaji da zuwa asibiti kan batun haihuwa, ni kuma na gaji da habaicin dangi, sai kowa ya kama bakinsa. Na ji a bakin ƙanwarsa cewa yana neman aure. Ban ƙi ya ƙara ba, abin da ya ƙona mini rai shi ne a waje na ji. Daren Juma'ar da ta wuce ya tarar da ni ina kuka da kyanwar a cinyata, ya ce, "A kan mage kike wannan kukan?", ya wuce ɗakinsa. A daren na gane cewa shekarun nan da ita kaɗai nake hira a gidan, kuma ranar da ta mutu ban san da wanda zan yi magana ba.

Hajiya, don Allah ki taimaka mini, ko ki tambayar mini malamai: shin ya halatta in yarda a yi mata allurar, ko in ci gaba da jinyarta har Allah ya karɓi abinsa? Sannan ta wace hanya zan fahimtar da maigida cewa kukan ba na kyanwa kaɗai ba ne, ba tare da maganar ta koma faɗa ba? Na san aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a naɗa mai sulhu daga danginsa da kuma daga dangina, kuma kawuna wanda ya yi mini walicci yana nan da rai. Amma ina tsoron kada kiran manya ya sa ya ga na kai ƙararsa, ya furta abin da ba na so. Yayata kuma tana cewa in yi yaji ko zai san darajata, ni kuwa ban ga yadda zan bar gidan da marar lafiya a hannuna ba. Shin in yi magana yanzu, ko in jira hankalina ya kwanta?

Allah ya saka miki da alheri.

Taki,
Wata baiwar Allah daga Zariya