Wasiƙar godiya ga shagon gyaran kwamfuta na kusa da Kasuwar Dole, Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Maigida da dukan ma'aikatan shago,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode muku a bainar jama'a kan aikin da kuka yi wa akwatin wutar kwamfutata, wato alimantasiyo, wanda ƙarar fankarsa ta kusa raba ni da sana'ata. Ban tsaya ga godiyar da na yi muku baki da baki ba, saboda akwai mutane da yawa a garin nan da ke fama da irin wannan matsala, kuma galibinsu ko dai sun haƙura da ita, ko kuma sun ɗauki sukudireba sun buɗe abin da bai kamata su buɗe da kansu ba.

Sana'ata ɗaukar sauti ce. A wani ɗan ɗaki da ke unguwar Birni nake naɗar karatun malamai da sanarwowi da tallace-tallacen da ake kai wa gidajen rediyo, kuma da yawa daga cikin masu zuwa wurina dattawa ne waɗanda muryarsu ba ta da ƙarfi, sai an ƙara wa makirfo ji kafin a kama maganarsu sosai. To, duk lokacin da aka ƙara masa ji, abin da yake fara kamawa shi ne kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, wadda take gurnani kamar injin niƙa a can bayan unguwa. Manhajar tace sauti tana rage wannan gurnani, amma tana haɗawa da wani ɓangare na muryar mai karatu, har harufan da ake fitarwa daga maƙogwaro su dusashe, abin da kuwa ba malamin da zai yarda da shi a karatunsa.

Abu na farko da ya burge ni shi ne ba ku ɗauki maganata a matsayin hujja ba. Na zo ina cewa fankar akwatin wuta ce, amma Maigida ya ce sai an tabbatar, domin kwamfutar tebur tana da fanka fiye da ɗaya, kuma kunne yana ruɗuwa idan duka suna juyawa a lokaci guda. Sai kuka ciro akwatin shi kaɗai kuka ɗora a kan tebur, kuka haɗa koren waya da baƙar waya a jikin babban filogi mai baki 24, wanda shi ne hanyar tayar da irin wannan akwati na tsarin ATX ba tare da uwar kwamfuta ba, wato babban allon da sauran sassa ke haɗuwa a kansa. Nan take gurnanin ya fito fili, tare da wani ɗan karkarwa da ake ji idan an ɗora tafin hannu a kan murfin. Daga baya, da aka buɗe akwatin, yaronku ya nuna mini takardar da ke manne a bayan fankar, ya ce mai milimita 120 ce, tana aiki da bolt 12, kuma sandarta tana juyawa ne a cikin bushi mai ɗan mai, ba a kan boris ba. Irin wannan bushi, in ji shi, idan zafi ya busar da man, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta cakuɗe da ragowarsa, sai sandar ta fara wasa a raminta.

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, Maigida ya gaya mini abu biyu a fili. Na farko, buɗe akwatin yana kashe garanti, ko da yake nawa ya daɗe da ƙarewa. Na biyu, akwai haɗari a ciki wanda cire filogi daga bango ba ya kawar da shi, domin wutar gida mai bolt 220 idan ta shiga akan mayar da ita miƙaƙƙiya a tara ta cikin manyan kondansata, wato gwangwanayen da ke ajiye wuta, inda take haura bolt 300, a wasu akwatunan zamani ma tana kusantar 400, kuma tana iya zama a can bayan an kashe komai. Na ga yadda kuka sauke wannan wuta a hankali ta cikin rezistans, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, sannan kuka ɗora mita kuka jira har lambar ta sauko ƙasa kafin wani ya sa yatsa. Ina roƙon matasanmu masu koyon gyara ta bidiyon intanet su lura da wannan wuri musamman, domin sau da yawa bidiyon yakan tsallake shi.

Amma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da kuka ƙi yi mini. Na je muku da wata dabara da na karanta, wadda ta shahara a tsakanin masu son kwamfuta marar ƙara a Turai da Amurka: a haɗa fanka tsakanin waya mai ruwan ɗorawa, wadda ke ɗauke da bolt 12, da jar waya mai bolt 5, sai fankar ta samu bambancin da ke tsakaninsu, wato bolt 7, ta riƙa juyawa a hankali ba ƙara. Dabarar tana aiki, kuma da kun yi ta da kun sallame ni kafin la'asar, ni kuma da na tafi ina murna. Maigida ya yi murmushi ya ce waɗanda suka ƙirƙiro ta ba a Damagaram suke zaune ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, iskar da fanka take jawowa ita kanta mai zafi ce, saboda haka ana bukatar ta da yawa kafin ta kwashe zafin da ke cikin akwati. Ya ƙara da cewa kondansata masu ruwa a ciki akan rubuta musu iyakar digiri 85 ko 105 a jikinsu, kuma ƙa'idar da masu wannan aiki suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansu. Idan aka ɗaure fanka a kan bolt 7, an raba ta da ɗan ma'aunin zafin da ke manne a jikin faifan alminiyom, wanda aikinsa shi ne ya ƙara mata gudu idan ciki ya ɗauki zafi. Sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido, kuma akwatin wuta idan ya lalace ba kullum yake tafiya shi kaɗai ba, wani lokaci yakan tafi da uwar kwamfuta ko faifan ajiya, inda karatun mutane yake.

Maimakon haka kuka bi doguwar hanya. Kuka sa aka kawo sabuwar fanka daga Kano, mai girma ɗaya da tsohuwar, amma mai boris na ruwa, wanda ba ya bushewa da wuri kuma ba ya damuwa da a kwantar da shi. Ba ku ɗaura ta kai tsaye ba, sai da kuka gwada ta a kan tebur kuna ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan don ku ga a bolt nawa take tashi da kanta, saboda akwatin yana fara ba fanka wuta kaɗan ne idan yana da sanyi, kuma fankar da ba ta tashi a wannan mataki za ta tsaya cik alhali mai ita yana jin daɗin shiru. Kun kuma duba cewa wutar da take ja ba ta wuce ta tsohuwar ba. Da yake sabuwar ta zo da waya uku, tsohuwar kuwa biyu ce, sai kuka like biyun da ake bukata da dalma a wurinsu na asali, kuka rufe mahaɗar da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, kuka naɗe ta ukun kuka ɗaure ta nesa da fuka-fukan. Haka fankar ta ci gaba da zama a ƙarƙashin ikon ma'aunin zafi kamar yadda aka ƙera akwatin.

Akwai kuma aikin raga, wanda ni ban taɓa tunaninsa ba. Ragar da ke gaban fankar huda ta aka yi a jikin ƙarfen murfin, ramukanta ƙanana ne masu kaifin baki, kuma iska idan tana ratsa su tana yin shuu. Kuka yanke ta kuka sa raga ta zagayayyar waya. Na lura cewa a waje kuka yi yankan, nesa da allon lantarkin, kuka goge bakin da magagari, kuka share murfin tas kafin a mayar, domin ƙwayar garin ƙarfe ɗaya idan ta faɗa tsakanin layukan allo ta isa ta haɗa wuta. A madadin kusoshin ƙarfe huɗu da ke riƙe fanka kuka sa na roba, waɗanda suka hana karkarwar ratsawa zuwa jikin kwamfutar.

Da aka gama ban samu kayana a ranar ba, kuma a lokacin na ɗan ji haushi. Kun ce sai an gwada shi da tsakar rana, kwamfutar tana aiki mai nauyi, an sa ma'aunin zafi a bakin da iska ke fita, kuma an tabbatar fankar tana ƙara gudu idan zafi ya hau, tana kuma saukowa idan ya sauka. Kun gaya mini gaskiya cewa a tsakiyar bazara zan ji ta, domin dole ta yi gudu, sai dai sautin iska ne mai laushi ba gurnani ba, kuma da safe ko bayan isha'i, lokacin da na fi yin naɗi, da wuya makirfo ya kama ta. Haka kuwa abin ya kasance. Yanzu ina naɗar karatu ba tare da na wuce da shi ta manhajar tacewa ba, kuma malaman da nake yi wa aiki sun lura da bambancin kafin in faɗa musu.

Kun kuma ba ni shawara cewa in ɗaga kwamfutar daga ƙasa, in kawo ta a hure mata ƙura idan hunturu ya wuce, kuma ranar da zan sayi sabon akwati in nemi mai tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana isa ga kwamfuta, saura ne kawai ke zama zafi, don haka fankarsa ba ta shan wahala sosai. Kuɗin da kuka karɓa shi ne wanda muka yi magana tun farko, kuma kun miƙo mini tsohuwar fanka da ragar da aka yanke a cikin leda ba tare da na tambaya ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka, ya sa yaran da ke koyo a hannunku su gaji wannan natsuwa.

Wassalam.

Naku,
Mai ɗaukar sauti, unguwar Birni, Damagaram