Godiya Ga Masu Waldar Tsohuwar Panteka da Suka Yi Wa Motata Rigar Ƙarfe

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Maigida da yaransa na shagon walda a Tsohuwar Panteka, Kaduna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da iyali, da aiki.

Maigida, na yi maka godiya baki da baki ranar da na karɓi mota, amma waccan godiyar ta ido ce kawai, domin a lokacin aikin bai ga hanya ba tukuna. Yanzu damina ta wuce a kansa, shi ya sa nake so in sake ta a bainar jama'a. Ban saka sunanka ba saboda ban nemi izininka ba, amma idan aka karanta maka za ka gane kanka.

Ga masu karatu da ba su san ni ba, sana'ata kai maganin dabbobi ce. Ina ɗauko allurar rigakafin ciwon huhu da ta harbin daji daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, in haura da su tsaunin Mambilla a Jihar Taraba, inda shanu ke da yawa saboda sanyi da ciyawa da rashin ƙudan tsando. Daga Jalingo a bi ta Garba Chede, Bali, Serti, sannan a kama hawan Mayo Selbe zuwa Maisamari da Nguroje har Gembu. Wannan duk da sauƙi, akwai kwalta ko da ta mutu a wurare. Wahalar tana farawa ne idan ka sauka daga babbar hanya za ka rugage ta wajen Mayo Ndaga ko Dorofi. Can jar laka ce da duwatsu, kuma tayoyin tsofaffin Land Rover sun haƙa ramuka biyu sun bar tudu a tsakiya. Tayoyinka na cikin ramin, cikin motarka na gogar tudun. Ni kuwa kayana a cikin ƙanƙara suke. Idan mota ta kwana a daji, ƙanƙara ta narke, allura ta zama ruwan banza, makiyayi ya yi asara, ni ma na yi.

Abin da ya kawo ni wurinku ke nan. Dutse ya huda kaskon injin Hilux ɗina a irin wannan hanya, baƙin mai ya tsiyaye ƙasa ina kallo. Ɗan faifan da kamfani ke sa wa a ƙasan mota bai hana komai ba, naɗewa ya yi.

Kafin in iso shagonka na leƙa wasu wurare. A wani wuri mai shagon bai ko sunkuya ya dubi ƙasan motar ba, ya ce in kawo kuɗi zai liƙa mini faranti mai kauri daga gaba har baya, ya kama shi da walda a jikin shasi. Kai kuma tambaya ka fara yi. Wace hanya nake bi? Laka ce ko yashi? Nauyin kayana nawa? Ina ketare rafi? Wa ke yi mini juyen mai, kuma a ina? Sai da ka gama jin wannan sannan ka shimfiɗa buhu ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila, ka daɗe kana bin tabon da duwatsu suka bari. Da ka fito ka ce mini motar ta riga ta nuna inda take shan duka, can za a sa ƙarfe, sauran wuraren a bar su su sha iska.

Na tsaya na ga yadda kuka fara da kwali. Yaronka, wanda ke saƙale alli a bayan kunne, ya riƙa yanka kwalin indomi yana gwada shi a ƙasan injin, ya rage nan, ya ƙara can, har ya zauna daidai, sannan aka kwantar da shi a kan farantin ƙarfe aka zana. Ban taɓa tunanin aikin ƙarfe yana farawa da almakashi ba. A ƙarƙashin inji kuka sa faranti mai kaurin milimita 6, a ƙarƙashin giyabos da tankin mai kuka sa mai milimita 4. Da na tambayi dalilin da ya sa ba a yi duka da mai kaurin ba, ka ɗauki alli ka yi mini lissafi a jikin ƙofa: faranti mai milimita 6, idan faɗinsa da tsawonsa mita guda ne, nauyinsa ya kai kilo 47, mai milimita 4 kuwa kilo 31 da 'yan kai. Ka ce duk kilon ƙarfen da aka ɗora wa mota, daga kayana aka zare shi, kuma sifirin da birki ne za su biya bashin. Maimakon ƙara kauri sai kuka lanƙwasa gefunan farantin, kuka ɗora masa haƙarƙari ta ciki, ya yi ƙarfi ba tare da ya yi nauyi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ka ƙi taɓa shasi da wuta. Ka bi ramukan da kamfani ya riga ya huda, ka ɗaure komai da noti, kuma ka nuna mini lambar 8.8, mai nuna ƙarfin ƙarfen, a kan kowace kusa don in san ba ta ɗaurin ƙyauren gida ba ce. Ka ce zafin walda yana canza halin ƙarfen shasi, wata rana a kan gargada sai ya tsage daga gefen ɗinkin. Amfanin wannan na gan shi a Gembu. Bakanike ya so ya duba farfela, ya kwance faranti da sifana ya mayar, ba a nemi mai walda ba. Ga kuma 'yar tagar da kuka buɗe daidai wurin juyen baƙin mai, har bakaniken ya tambaye ni inda aka yi aikin. Ko 'yar waldar da ta zama dole a yi a kusa da mota, sai da ka sa aka cire kan batir tukuna saboda kwamfutar motar.

Akwai ƙananan abubuwa da sai daga baya na gane hikimarsu. Kawunan kusoshin kun nutsar da su ciki, don kada dutse ya aske su. Gaban farantin kun ɗaga shi sama kaɗan, saboda mota ta zame a kan tudu maimakon ta kafe. Kun huda ramuka a ƙasa don laka da ruwa su fita, kuma ka ja mini kunne cewa da rani in riƙa leƙawa ina zare busasshiyar ciyawa, domin idan ta taru kusa da salansa mai zafi gobara ce. A Mambilla kuwa ciyawa ita ce ƙasar baki ɗaya.

Ƙarfen gefe da kuka yi da faif, wato bututun ƙarfe, mai kauri a ƙarƙashin ƙofofi, wanda kuka kama a shasi ba a bodi ba, shi ne ya fara biyan kuɗinsa. A watan Agusta, a wata gangara bayan Nguroje, bayan motar ya zame a laka ta kwanta da gefen dama a kan wani dutse. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Da na fito na ga faif ɗin ya zauna a kan dutsen, fenti ya kankare, ƙofa kuwa ko ƙwarzane babu, na buɗe ta na rufe lafiya lau. A jikin faif ɗin muka kafa jak, wasu samari Fulani suka kawo duwatsu muka cusa a ƙarƙashin taya, muka fita. Allura ta isa ruga da sanyinta, aka yi wa shanu kafin la'asar.

Batun bamba ma sai na faɗa. Yanzu abin yayi ne a ga mota da katon ƙarfe a gaba, da ƙahoni da tsinaye kamar za ta yaƙi. Kai ka ce ba ka yin mai tsini ko nawa za a ba ka, domin motar da ke shiga daji ita ce kuma ke ratsa kasuwa, ga 'yan acaɓa, ga yara 'yan makaranta. Ka yi mini madaidaiciya mai zagayayyun gefuna, ba ta rufe fitila ba, ba ta tare iskar lagireto ba. Wanda ya taɓa hawan Mayo Selbe da kaya, yana kallon allurar zafi tana ɗagawa a kowace kwana, ya san darajar wannan iskar. Kuma ina nan wani mutum ya shigo yana tambaya ko irin wannan aikin yana tare harsashi. Da ka ce masa e, da ya biya nan take. Ka gaya masa gaskiya cewa wannan rigar duwatsu ce da kututture, motar sulke aiki ne daban da ke da nasa ƙarfen da nasa izinin hukuma.

Ba zan ce abin bai da tsada a wani gefen ba. Motar ta ƙara shan mai kaɗan, gabanta ya ɗan sauka, kuma shokazoba na gaba sun gaji da wuri fiye da yadda na saba. Amma duk wannan ka faɗa mini tun kafin a yanka ƙarfe, har ka ce in je in yi shawara in dawo. Aikin ya ɗan wuce ranar alkawari saboda rashin wuta, ka kira ni da kanka ka gaya mini, kuma kuɗin da ka rubuta a takarda ranar farko shi na biya, ba a ce ƙarfe ya tashi a kasuwa ba.

Mutane sun san Panteka da tukwane da ƙyamare da injin niƙa, wasu ma suna raina ta saboda hayaƙi da ƙarar guduma. Na ji daɗi da na ji Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, maƙwabciyarku, ta shiga aikin ba masu sana'ar kasuwar takardar shaidar ƙwarewa. Ina roƙonka ka tura yaron nan mai alli. Ɗinkin waldarsa a jikin faif ɗin gefe ya sha dutse bai buɗe ba, ya kamata ya samu takardar da zai nuna a inda ba a san ka ba.

Idan Allah ya kai mu bayan girbi zan kawo motar a sake ɗaure notocin kamar yadda ka ce, a kankare tsatsa a shafa jan fenti inda ya goge. Akwai abokan sana'ata biyu da za su biyo ni da nasu motocin, na gaya musu su zo da haƙurin amsa tambayoyi.

Allah ya saka da alheri, ya tsare idanunku da hannuwanku daga wuta, ya ƙara buɗi. A gaishe mini da yara duka.

Naku,
Mai kai maganin dabbobi tsaunin Mambilla