Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin tafiye-tafiyen da ya sayar mana da "Daren Turkiyya" a Kapadokiya

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum.

Abin da ya sa na fito da wannan magana bainar jama'a shi ne saƙon murya da ma'aikacinku ya turo mini ta WhatsApp a daren 3 ga Nuwamba da ƙarfe 9:40, bayan na yi makonni ina zarya a ofishinku na Kano ana ce mini manaja ya fita. Saƙon yana nan a wayata, ga kuma abin da ya ce: "Alhaji, wanda ya je ƙasar mutane dole ya ga abin da bai saba gani ba. Ba wanda ya ɗura muku giya, kuma mu ba ma mayar da kuɗin abincin da aka riga aka ci." Washegari na kira domin in ji ko wannan ita ce matsayar kamfani, aka katse wayar, kuma har yau ba a sake ɗauka ba.

Ranar 2 ga Oktoba na biya ku dala 390 domin wannan "Daren Turkiyya" kaɗai, wato daren cin abinci da kallon wasannin gargajiya, ban da kuɗin jirgi da na masauki. Mu shida ne: ni da mahaifiyata da mai ɗakina da ƙanwata da yarana biyu, dala 65 kowane kai, hatta 'yata mai shekara bakwai kuɗin babba aka karɓa mata. Kafin in biya na tambaya a rubuce ko ana shan giya a wurin, da kuma ko akwai rawar da mutum ba zai iya kallo ba yana zaune da mahaifiyarsa. Amsar da aka ba ni ita ce wurin iyali ne, Hajiya za ta ga zikirin Sufaye, za a kuma fasa mana tukunyar nama a gabanmu. A kan wannan alkawari na fitar da kuɗina.

A daren 17 ga Oktoba motarku ta ɗauke mu daga garin Goreme zuwa wani gidan abinci da aka sassaƙa cikin dutse a kusa da garin Abanos. Muna shiga muka tarar da kwalaben giya jere a kan kowane tebur, har da namu. Na nemi a kwashe, mai hidima ya ce suna cikin kuɗin da muka biya, ya ɗan matsar da su gefe ya tafi. An haɗa mu tebur ɗaya da wasu baƙi, su kuwa suna zuba giyar da ake kira raki, wadda in aka ƙara mata ruwa takan koma fara fat kamar nono. 'Yata ta saba da ayran, wato tsinkakken nonon da ake sha a can, tun da muka sauka Santambul, sai ta miƙa hannu ta ɗauki kofin da ke kusa da ita, har ta kai shi baki kafin ƙanwata ta fizge. Yarinyar ta fashe da kuka don ba ta san laifin da ta yi ba. Ina so ma'aikacinku ya sake sauraron kalmarsa ta cewa ba wanda ya ɗura mana, ya kuma tuna da wannan yarinya.

Abincin ma ba shi ne aka tallata mana ba. Hoton da ke shafinku na Facebook na testi kebab ne, nama da tumatir da tattasai da ake dafawa cikin tukunyar ƙasa a liƙe bakinta da ƙullin fulawa, sannan a fasa wuyanta a gaban mai ci. Garin Abanos da ginin tukwane aka san shi, da jan yumɓun kogin Kizilirmak ake yin su, saboda haka ba a ce tukunya ta yi wuya a can ba. Abin da aka ajiye mana shi ne miyar adas da 'yan gutsattsarin kaza a kan shinkafar da ta riga ta huce.

Ba ni da ƙorafi a kan masu rawar gargajiya, kuma zan faɗi gaskiya a kansu. Da aka busa algaitarsu aka kaɗa ganga, suka jeru hannu cikin hannu suna halay, na gaba yana kaɗa hankici, Hajiya ta yi murmushi. Haka aka yi rawar da ake kira horon ta mutanen gaɓar Bahar Aswad mai saurin ƙafa da girgiza kafaɗa, da zeybek wanda namiji kan buɗe hannuwa ya taka a hankali, da rawar cokulan katako. Waɗannan samari da 'yan mata sun san aikinsu, kuma da a nan aka tsaya, da na haƙura da zancen kaza.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka yi da zikirin da kuka ja hankalin mahaifiyata da shi. Wannan zikiri da ake yi ana jujjuyawa shi ake kira sema, ibada ce ta ɗariƙar Maulawiyya, mabiya Maulana Jalaluddin Rumi wanda ya rasu a Koniya a 1273, kuma UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2008. A wurin da kuka kai mu, 'yan mintuna kaɗan aka ba ta a tsakiyar kwalabe, ana hira ana haska fitilun wayoyi a fuskar masu juyi. Daga baya na gano cewa a Saruhan, tsohon zangon fatake da aka gina a 1249, 'yan kilomitoci kaɗan daga Abanos, ana gabatar da sema cikin natsuwa ba tare da tebur ko kwalba ba. Kamfanin da ke kai mutane Kapadokiya ba zai ce bai san da wannan ba.

Wajen ƙarfe goma sai ga mai rawar ciki ta fito da shigar da ba sai na bayyana ba, tana bin tebur-tebur tana jan maza zuwa fili, har ta iso kaina a gaban mahaifiyata da matata. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce mini a hankali, "Tashi mu tafi." Direbanku ya ƙi tayar da mota sai an tashi daga wasa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ta daɗe tsaye a cikin sanyin dare kafin in samo tasi da lira 700 daga aljihuna.

Ina neman a dawo mini da dala 390 cif, da kuɗin tasi, da takardar ban-haƙuri da za a kai wa mahaifiyata gida, domin ita aka fi ci wa fuska. Amma maganar ta wuce kuɗina. Tun da na fara ba da labarin nan, wasu 'yan kasuwa da ke zuwa sarin kaya unguwar Laleli da ke Santambul suka shaida mini cewa su ma kun kai su wurin da irin wannan alkawari, sai dai sun yi shiru saboda ba wanda yake son a ji ya zauna da iyalinsa a teburin giya. Na yi imani kun san haka, kuma da wannan kunya tamu kuke cin riba: kuna talla da Hausa, kuna sa hoton masu zikiri a gaba, kuna ɓoye sauran abin da ke cikin daren, don kun tabbata wanda ya dawo ba zai tona ba. Kun kuma zalunci Turkawa da kansu, domin mahaifiyata ta dawo tana zaton haka al'adarsu take.

Dole ku gyara tallarku, ku rubuta ƙarara cewa akwai giya da rawar ciki, domin mai so ya je da saninsa, wanda ba ya so ya riƙe kuɗinsa. Idan zuwa 30 ga Nuwamba ban ji daga gare ku a rubuce ba, zan kai rasit da hotunan hirarmu da saƙon muryar nan gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta NANTA, tare da duk wanda ya yarda ya ba da shaida daga cikin waɗanda kuka yi wa haka.

Wassalam,
Wani abokin cinikinku daga Kano