Hedimasta ya ce umarni daga sama ne

Ranka ya daɗe Edita,

Na saurari shirinku kan makarantun akadami na Ingila, wato makarantun da gwamnati ke ba kuɗi amma gidauniyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa, na ji an sha yabon tarbiyya da sakamakon jarrabawa. Ban musa ba, yarana biyu suna ɗaya daga cikinsu a Birmingham kuma suna karatu. Amma ba a taɓo wanda ke riƙe da akalar waɗannan makarantu ba.

A bara aka aiko mana takarda cewa an canza kayan makaranta: sabuwar kwat mai tambari, kuma shago ɗaya tak ke sayarwa. Wadda na saya wa babbar 'yata ko shekara ba ta yi ba, na riga na ajiye wa ƙanwarta. Na je wurin hedimasta, mutumin kirki ne, ya saurare ni tsaf, ya buɗe hannuwa ya ce umarni daga sama ne. Na nemi kansilan unguwarmu, shi ma ya ce ba huruminsa ba ne.

Gaskiya ya faɗa. An buɗe akadami na farko a 2002 zamanin Tony Blair, dokar 2010 lokacin ministan ilimi Michael Gove ta wangale ƙofa. Yanzu yawancin sakandare sun fita daga hannun ƙaramar hukuma, kuɗinsu daga Ma'aikatar Ilimi yake zuwa kai tsaye. Gidauniya ɗaya sai ta tattara makarantu goma, wata hamsin, ta yanki kasonta daga kasafin kowace, ta naɗa babban darakta. Kwamitin amintattu ke yanke hukunci, kuma ba mu iyaye muke zaɓen mafi yawansu ba. Kwamitin da ke makarantarmu, wanda iyaye biyu ke zama a ciki, iyakarsa ikon da aka sam masa daga sama.

Ga kuma albashi. Sir Dan Moynihan, babban daraktan gidauniyar Harris Federation, mai makarantu sama da 50 a Landan da kewaye, albashinsa ya kai wajen fam dubu 500 a shekara, ya ninka na Firaminista fiye da sau biyu. Makarantunsa na yin fice, ba hassada nake ba, amma kuɗin harajinmu ne.

Idan kuma abu ya lalace fa? A Satumban 2017, ana kwanaki kaɗan da komawa hutu, gidauniyar Wakefield City ta sanar cewa ta saki makarantunta 21, sai gwamnati ta nema musu wasu masu riƙo. Iyaye sai dai labari suka ji.

Roƙona, ku gayyato shugaban wata babbar gidauniya cikin shirinku. Ku tambaye shi wa ke iya sauke shi, kuma ta wace ƙofa uba irina zai bi ya gan shi.

Naku,
Wani uba daga Birmingham