'Yar farina ta dawo gida, amma har yau baƙuwa ce

Assalamu alaikum Hajiya, ina yi miki fatan alheri ke da abokan aikinki. Shirinki ba ya wuce ni, yawanci ina kan keken ɗinki rediyo na gefena. Don Allah a sakaya sunana, domin dangin maigidana ma suna saurare.

A Kano muke zaune. Maigidana yana tsaron shago a Kantin Kwari, ni kuma ina ɗinki a gida. Allah ya ba mu 'ya'ya mata uku: babbar shekararta 9, mai bi mata 6, autar 4. Maganar babbar ce ta hana ni barci.

Ita ce 'yar farina, kuma sunan mahaifiyar maigidana ta ci. Da lokacin yayenta ya yi, surukata ta zo da kanta daga Gumel ta goya ta, a kan za ta yi wata ɗaya ta manta nono a dawo da ita. Kin dai san al'adarmu, ba a buɗe baki a kan ɗan fari. Da na ce uffan a ranar, da har gobe ana ba da labarin rashin kunyata a dangi. Wata ɗaya ya zama shekara, shekara ta zama bakwai. Ba zan ɗauki alhakin tsohuwar nan ba, Allah ya jiƙanta, ta riƙe yarinyar da amana. A tabarma ɗaya suke kwana, a kwano ɗaya suke ci. Mu kuwa sai da Sallah muke ganinta, ta gaishe ni a tsugune, ta ce mini Anti kamar yadda ta ji yaran gidan suna faɗa, ni kuma in kawar da kai saboda idon mutane.

Bayan Babbar Sallah Inna, wato surukar tawa, ta rasu. Da aka yi addu'ar arba'in, babanta ya taho da ita, da 'yar jakar kayanta da allonta.

Hajiya, tun ranar yarinyar nan ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, kuma abin da ke damuna ke nan. Da ma ta yi. Kafin in tashi sallar asuba ta share tsakar gida ta wanke kwanuka, ba wanda ya sa ta. In an zuba musu abinci a tire ɗaya, sai ta ci loma uku ta tsame hannu ta ce ta ƙoshi, daga baya in same ta a bayan kicin tana kankare ƙanzo a tukunya. Ba ta taɓa cewa a saya mata ko alawa ba. Ƙannenta kuwa su hau ni su sauka, su ja mini ɗankwali, su yi kuka a kan wanda zai riƙe wayata, ita tana rakuɓe a bakin ƙofa tana kallo.

Duk ranar Lahadi nake yi musu kitso. Ƙananan biyu har faɗa suke a kan wadda za ta fara kwanciya a cinyata. Da na kira ta, ta zo ta zauna a ƙasa ta miƙe wuya, ta ƙi jingina da ni. Ina tsaga gashin ina jin jikinta a sandare. Na kai rabi sai na ga hawaye yana ɗiga a kan zanenta, ba sauti. Na tambaye ta ko na ja da zafi ne, ta ce a'a, Inna ce take fara shafa mata man shanu kafin ta taje. Washegari na aika aka sayo man shanu. Lahadin da ta biyo ta ce kanta bai tsufa ba tukuna.

Sai maganar makaranta. A can tana zuwa makarantar allo, ta haddace izu uku, kuma karatunta ya fi na yaran Islamiyyarmu kyau nesa ba kusa ba. Lissafin kuɗi kuwa ko ni ba na kama ƙafarta, domin ranar Alhamis, da yake babu karatun allo, takan kai wa Inna ƙuli-ƙuli tasha wurin masu tafiya kasuwar Maigatari. Bokon ne aka yi wa riƙon sakainar kashi. Da aka gwada ta a nan, ba ta iya haɗa baƙi ba, aka sa ta aji biyu, alhali sa'o'inta suna aji huɗu. Ƙanwarta tana ajin farko, taga da taga da nata. Ita babbar ta fi kowa tsawo a ajinsu, yara suna ce mata uwar aji. Yanzu duk safiya sai ciwon ciki.

Ta tsakiyar ma ba ta raga mata. Ita ce babba a gidan nan tsawon rayuwarta, rana ɗaya aka ce ga yayarki, ki matsa mata a katifa. Tana kwaikwayon maganarta, tana ce mata 'yar ƙauye. Ran nan a kan fensir na ji ta ce, “Ki koma gidanku mana.” Na zane ta, babanta ma ya yi mata faɗa, amma magana ta riga ta fita. Tun daren nan babbar ta fara fitsarin kwance, abin da aka ce ba ta yi a Gumel. Tana tashi cikin duhu ta wanke zanen gado ta shanya a bayan ɗaki, a zatonta ban sani ba. Ni kuma na yi kamar ban gani ba, don kada in ƙara mata kunya.

Da na ga haka sai na fara jawo ta a jiki. Na ɗinka mata riga da ragowar atamfa, nakan zaunar da ita kusa da keke tana miƙo mini zare. Maigidana ya ce in yi hattara, ya kawo mini hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya ware shi da kyauta, Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida, ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Ban yi musu da hadisi ba. Amma Hajiya, waɗannan biyun sun sha goyo sun sha lallashi, ita kuwa tana bina bashin shekara bakwai. In na ɗan ƙara mata yanzu, son kai na yi ko biyan bashi? Mahaifiyata kuma ta wani ɓangaren take ja. Ta zo ta ji na kira yarinyar da sunan da ake kiranta, har na dafa kafaɗarta, sai ta ja ni ɗaki ta ce zamani ya lalace, ita har ta aurar da yayana ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma bai lalace ba. Na yi shiru, amma a raina na ce shi ai a gabanki ya tashi.

Abin da ya sa na kasa jira shi ne, ƙanwar maigidana da ke aure a Zariya ta aiko cewa a ba ta yarinyar. Allah bai ba ta haihuwa ba, tana da hali, kuma yarinyar ta saba da ita tun a Gumel, in ta kira waya har dariyarta nake ji. Maigidana ya karkata. Ya ce ga tsadar rayuwa, ga yarinya ba ta sake da mu ba, ga zumunci. Ya ce in yi tunani zuwa hutun ƙarshen zango. Da na tambayi yarinyar ko tana son zuwa wurin gwaggonta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Duk yadda kika ce, Anti.”

Ni dai ba na so ta tafi. In ta tafi yanzu, na san sai ranar aurenta za a kira ni in zo in zauna cikin 'yan biki. Amma ina tsoron kada ya zama kaina nake dubawa, ita can ne za ta fi samun sukuni.

Don Allah ki ba ni shawara, ke da masu saurare, musamman waɗanda aka yi riƙonsu suka dawo gaban iyayensu da wayonsu. In riƙe ta ko in bar ta ta tafi? In zan riƙe ta, da wane baki zan faɗa wa maigidana da ƙanwarsa ba tare da zumunci ya taɓu ba? Fitsarin nan na asibiti ne ko na damuwa? Sannan in ce ta daina kirana Anti, ko in bar ta har ranar da za ta sauya da kanta?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Uwar 'yan mata uku, daga Kano