Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi: A Ƙirga Har Da Waɗanda Ba Su Kai Aji Uku Ba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni uba ne da ke cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na ƙaramar sakandaren gwamnati ta garinmu.

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, ya fito, yawan waɗanda suka ci ake kawo mana. A yi murna, a yaba wa malamai, kuma sun cancanci yabon. Sai dai lissafin na yaran da suka kai aji uku ne kaɗai. Yarinyar da aka ɗaura wa aure tana aji biyu ba ta ciki. Yaron ƙauyen da ke takowa a ƙasa kullum har ya gaji ya bari, shi ma babu shi. Haka 'ya'yan rugage da ke bin shanu da rani, da waɗanda gona ke ɗaukewa da zarar damina ta kankama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yara da yawa suna zuwa daga firamare ba su iya karanta Hausa sosai ba, balle Turancin da ake koyar da lissafi da kimiyya da shi. Su ne ke fara zamewa. Da zarar sun tafi kuwa, sai sakamako ya yi kyau a takarda, makarantar da ta fi zubar da raunanan ɗalibai ta zama abar yabo.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Alƙawarin na kowa ne, har da wanda ya tsaya a hanya.

Roƙonmu ba na kuɗi masu yawa ba ne. Ma'aikatarku na yin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. A haɗa ta da sakamakon BECE, makaranta-makaranta: maza nawa da mata nawa suka shiga aji ɗaya, nawa daga cikinsu suka zauna jarrabawa bayan shekara 3, nawa 'yan cikin gari, nawa 'yan ƙauyuka. A rubuta har da yawan ɗalibai a gaban kowane malami. A liƙa takardar a makaranta, a karanta ta a taron iyaye da Hausa, hakimi da dagatai da limamai su samu kwafi. Su ne za su iya shiga gida su tambayi uba ina 'yarsa.

Da wannan ne kuma za a san inda ya kamata kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, su fara zuwa: ƙarin aji ne, ko malamai mata, ko ban-ɗaki na 'yan mata, ko ajin koyon karatu ga 'yan aji ɗaya. A wurinmu dai, ajin karatun muke so a fara da shi tun zangon farko.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani uba daga kwamitin makaranta