Garin da jirgi ya haifa, ya kuma raba shi biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan tarihin layin dogo, inda baƙonku ya ce duk garin da jirgi ya ratsa kakarsa ta yanke saƙa. Ban ƙi ta tasa ba, amma ya tsaya a rabin zance. Ina zaune a Roanoke, jihar Virginia da ke kudancin Amurka, kuma garin nan shi ne ragowar zancen.

Asalin sunansa Big Lick, saboda wata fadama mai gishiri da namun daji ke zuwa lasa, kamar yadda shanu ke yi wa kanwa. Layin dogo ya iso tun 1852, amma bai sauya abu mai yawa ba. A ƙidayar 1880 mutanen wurin ba su kai 700 ba. Abin ya juya ne da masu kuɗin birnin Philadelphia suka sayi layin a 1881, suka raɗa masa Norfolk and Western, sannan suka nemi inda zai haɗu da layin Shenandoah Valley mai gangarowa daga arewa. Salem, wani gari da ke kusa, ta fi girma, ita ce ma hedikwatar gunduma, amma aka tsallake ta aka zaɓi wannan ƙauye. A 1882 aka sauya masa suna zuwa Roanoke, kamfanin ya kafa ofishinsa da otal da ma'aikatar gyaran jirage. A ƙidayar 1890 jama'a sun haura 16,000.

Kwal ne ya ciyar da su. Daga 1883 taragu suka fara kwaso shi daga mahaƙar Pocahontas zuwa gaɓar teku a Norfolk, kuma duk sai sun bi ta nan. Saboda kwal ɗin yana hannunsu, kamfanin ya riƙa ƙera kawunan jirginsa masu tururi da kansa har 1953, bai kuma daina aiki da su ba sai 1960, bayan sauran manyan kamfanoni sun koma dizal. Ɗaya daga cikin kawunan jirgin nan, mai lamba 611, ƙirar 1950, na je na gan shi da idona. Baƙi wuluk, da jan layi a gefe, ƙafafunsa na ƙarfe sun kusa tsawona. Wani dattijo da na tarar a wurin yana shafa shi kamar mai shafa doki, ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda suka ƙera shi.

To ga abin da baƙonku bai faɗa ba. Layin da ya tara mutane shi ya shata musu iyaka. Baƙar fata, jikokin bayi da suka baro gonaki don neman aiki, an tura su unguwannin arewa da layi irin su Gainsboro. Nasu aikin shi ne shimfiɗa dogo, dako, shara da hidimar fasinja. Kujerar direba kuwa ta Turawa ce. Duk da haka sun gina coci-cocinsu da asibiti da kantuna a titin Henry. Daga shekarun 1950 hukuma ta bi unguwannin da rusau da sunan gyaran gari, aka bi ta kansu da babbar hanyar mota. Yau idan ka tsaya kan gadar da ke ƙetare layin ka dubi arewa, filayen ajiye motoci za ka fi gani.

Sannan linzamin garin bai taɓa zama a hannun mutanensa ba. A 1982 kamfanin ya haɗe da wani kamfanin jirgi, Southern Railway, hedikwata ta tashi zuwa Norfolk. A 2015 aka rufe ofishin da ya rage, a 2020 ma'aikatar gyaran ta bi sahu. Jirgin fasinja ma ya ɗauke ƙafa tun 1979, sai 2017 ya dawo. Yanzu asibitin Carilion ne ya fi kowa ɗaukar ma'aikata a nan.

Ina roƙonku, idan za ku sake shirin, ku nemo tsofaffin ma'aikatan reluwe na Kafanchan ko Nguru ku ba su makirufo. Su za su gaya muku yadda kasuwa ke zama ranar da jirgi ya daina tsayawa.

Na gode. A gaishe min da ma'aikatan sashen baki ɗaya.

Naku,
Mai sauraronku a Roanoke